Yaya ake koya wa yara lura, jagoranci da godiya a sansanin hutu ba tare da an mai da shi aji ba?

Sabuwar Mai Horarwa ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da iyayen wannan zaure. An ɗora mini tsara shirin sansanin dogon hutu na kwana shida. Yara 24 ne, 'yan shekara 10 zuwa 13, manya huɗu za su kula da su. Wurin yana da fili da bishiyoyi, da ɗan rafi a gefe. Masu shirya abin sun ce ba sa son yaran su koma gida da iya ƙulla igiya da hura wuta kaɗai. Suna son a ga canji a abu uku: lura da abin da ke kewaye da su, iya jan ragamar 'yan'uwansu, da godiya. Don Allah wane aiki ne ke koyar da wane hali? Minti nawa, mutum nawa a rukuni, kuma a ina abin ya fi lalacewa? Ba na son in zaunar da su a inuwa ina yi musu lacca.

Dattijon Sikawut ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin komai ki raba su rukuni huɗu, shida-shida, kuma kada ki riƙa sauya su har a tashi. Haka Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, ya yi a sansanin farko na 'yan sikawut a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907: yara wajen 20, ya kasa su gida huɗu, kowane gida da yaron da ke jagorantarsa. A rukunin shida kowa yana da aikin yi. Da zarar sun haura takwas, biyu ko uku za su laɓe a bayan sauran har sansani ya ƙare ba su taɓa igiya ba. Ƙungiyar sansanoni ta Amurka tana neman babba ɗaya ga yara takwas a wannan shekarun idan kwana ake yi, to lissafinki ya yi. Amma ki tsara tun yanzu wanda zai riƙe rukunin da babbansa ya tafi da yaro marar lafiya.

Lura ita za ki fara koyarwa, domin sauran biyun a kanta suke tsaye. Yaron da bai ga cewa abokinsa yana ɗingishi ba, ba zai iya jagorantarsa ba, wanda kuma bai ga wanda ya cika masa gorar ruwa ba, ba shi da wanda zai gode wa.

Ranar farko: faranti babba, ƙananan abubuwa 20 zuwa 24 a kai, irin su ganye, tsakuwa, maɓalli, gashin tsuntsu, guntun igiya. A buɗe minti ɗaya, a rufe da ƙyalle, kowa ya rubuta abin da ya tuna. Rubutawa za su yi, ba faɗa da baki ba, in ba haka ba masu kaifin baki biyu za su amsa wa kowa. A zagaye na biyu ki daina tambayar sunan abu, ki tambayi siffarsa: ta wane gefe ganyen ya yage, huda nawa ne a maɓallin.

Rana ta biyu ki zaɓi hanya mai tsawon mita 30 a cikin bishiyoyi, ki ajiye abubuwa 15 na hannun ɗan'adam a fili ba a binne ba: cokali, fensir, murfin kwalba, zare. Wasu a ƙasa, wasu daidai gwiwa, uku ko huɗu sama da kai. Su bi ɗaya bayan ɗaya ba magana, ba nuni da yatsa, kowa ya raɗa wa babba adadin da ya gani. Waɗanda ke sama su ne aka fi rasawa, saboda ido ya saba da kallon ƙasa da abin da ke daidai fuska. Ki bar su su sake bi har sau biyu kafin ki nuna musu. Gani ya kori ji.

Sai zaman shiru, wanda a ganina ya fi duk sauran amfani. Kowane yaro ya zaɓi wuri ɗaya da zai riƙa komawa kullum a lokaci ɗaya, tazarar mita 10 tsakaninsa da na kusa, duka a inda babba ke hango su. Babba ya fara duba wurin saboda tururuwa, kunama da gidan rina. A fara da minti biyar, a riƙa ƙara biyu ko uku kowace rana har a kai 15 ko 20. Dalilin tsawaitawar: idan mutane suka shigo, tsuntsaye da ƙananan dabbobi sukan yi tsit, sai an ɗan jima ba motsi suke komawa harkarsu. Wanda ya tashi a minti na huɗu bai ga komai ba. A littafinsa ya ja layi uku: na gani, na ji, ina tambaya. Nan ne za ki raba masa gani da zato. «Ramin maciji ne» zato ne. «Rami ne faɗin yatsa uku, akwai sabuwar ƙasa a bakinsa, babu saƙar gizo-gizo a kai» wannan shi ne gani.

Babban mai ɓata wannan aiki ba yaro ba ne, babba ne mai saurin faɗin suna. Yaro ya kawo ƙwaro, ka ce masa sunansa kaza, shi ke nan ya daina kallo. A tambaye shi ƙafa nawa, ina ya same shi, me yake yi. Sunan ya zo daga baya.

Ga rafinku kuma: da yamma a share yashi mai laima kamar mita biyu a bakinsa a daidaita shi, da sassafe a je a karanta sawun da aka bari. A tsaya yadda sawun zai kasance tsakanin mai kallo da rana, domin hasken da ya zo a karkace shi ke fito da inuwar gefen sawu. Da tsakar rana kusan ba a ganin komai. Sawun dangin kare yakan nuna farce, na dangin kyanwa galibi ba ya nunawa. Idan dabba ba ta zo ba, yaro ɗaya ya taka a hankali, ya sake bi a guje, ya sake bi ɗauke da jaka, sauran da suka juya baya su zo su bambance. Kuma a kafa doka: ba a sa hannu ƙarƙashin dutse ko kututture. In za a ɗaga, a jawo gefen nesa zuwa wajen mutum don abin da ke ƙasa ya gudu ta can, sannan a mayar yadda aka same shi.

Malamar Taswira ta amsa:

Baba Dattijo ya gama magana a kan lura. A wuri ɗaya zan saɓa masa: jagora ɗaya tsayayye ya dace da rukunin da za su yi shekara tare, amma a kwana shida da yara shida, kowa ya samu ranarsa. 'Yar'uwa, ki rubuta ayyuka shida a kati, suna zagayawa kowace safiya: jagora, mai taswira da kamfas (na'urar da allurarta ke nuna arewa), mai rufe baya, mai lura da lokaci da shan ruwa, mai wuta, mai ɗaukar jakar agajin gaggawa. Yaro mai kunya kada ya zama na farko, kada kuma ya zama na ƙarshe ya kwana biyar yana fargaba. Rana ta uku ko ta huɗu ta fi.

Da daddare babba ya zauna da jagoran gobe minti goma, ya gaya masa inda za a je, lokacin da ake da shi da kayan da ke akwai. Yadda za a yi, wannan nasa ne. Aikinsa uku ne kawai: ya bayyana shirin da bakinsa kafin a tashi, ya ƙirga mutanensa a duk inda aka tsaya, ya yanke shawara bayan ya ji ta bakin kowa.

Tafiya da kamfas ita ce makarantar da ta fi, domin kuskure yana fitowa fili ba sai babba ya faɗa ba. A auna mita 100 a fili, kowane yaro ya bi sau uku yana ƙirga saukar ƙafar hagu kaɗai, a ɗauki matsakaicin, ya rubuta a littafinsa, don ya riƙa auna nisa da takunsa. A hawa ko cikin ciyawa mai tsawo adadin zai ƙaru, su gwada su gani. Kamfas a riƙe shi a kwance daidai ƙirji, nesa da waya, wuƙa da ƙarfen bel, domin ƙarfe yana jan allurar. Kuskuren digiri ɗaya yakan kauce da mutum kimanin mita 17 a tafiyar kilomita ɗaya, digiri goma kuwa ya haura mita 170. Shi ya sa ba a tafiya ana kallon allura: a saita, a zaɓi bishiya ko dutse a kan layin, a je wurinsa, a sake saitawa. Ki dasa alamomi biyar, tazarar mita 100 zuwa 200 tsakaninsu.

Babba yana baya, bakinsa a rufe. Idan sun kauce hanya kuma babu haɗari, ya ba su minti goma. In ba su farga ba, tambaya zai yi: «Taswira ta ce me ya kamata mu gani a hannun dama yanzu?» Abin da zai sa ya karɓe ragama nan take a sanar da yaran tun ranar farko: ruwa mai zurfi, wuta, wuƙa, tsawa, da wulaƙanta wani.

Abu biyu ke yawan lalacewa. Na farko, jagora ya ɗauka shugabanci shi ne yin komai da kansa. Maganinsa kafa rumfar tamfol: igiya ɗaya tsakanin bishiyoyi biyu, turaku huɗu, minti 15, amma jagora hannunsa a baya, ba ya taɓa komai, sai dai ya kira suna ya ba da aiki. Turke a kafa shi a karkace, kansa yana kallon nesa da rumfar, in ba haka ba igiya za ta zare shi da iskar farko. Na biyu, mai ƙarfin murya ya ƙwace ragama a ranar da ba tasa ba. Kada a tsawata masa a gaban jama'a. A ba shi rufe baya, aiki ne na gaske: ba wanda zai kasance a bayansa, shi ke tsintar abin da ya faɗi, shi ke kiran a tsaya. Wanda ya fi kowa jinkirin tafiya kuma a sa shi na biyu a layi, domin ayari ya tafi da saurinsa.

A kowane hutu jagora ya duba abu biyu ya gaya wa babba a hankali: wa bai sha ruwa ba, wa tafiyarsa ta canja. Ƙafar da ta fara zafi a takalmi, in an manna mata filasta da wuri ba ta yin bororo. Da yamma minti biyar na bita, jagora ne zai fara magana: me muka shirya, me ya faru, me za a canja gobe.

Dattijon Sikawut ya sake amsawa:

Na yarda da zagayawar, Malama, da sharaɗi ɗaya. Yaro yana bukatar ya ɗanɗana bin wanda shi da kansa ya zaɓa. A tafiyar ƙarshe mafi tsawo, a bar kowane rukuni su zaɓi jagoransu ta rubuta suna a takarda a ɓoye, kowa ya rubuta dalili ɗaya da ya gani da idonsa. Dalilan ki karanta su da kyau, za su nuna miki ko lurar ta shiga.

Sabuwar Mai Horarwa ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, Baba da Malama. Saura biyu. Wuta a hannun ɗan shekara goma tana ba ni tsoro. Godiya kuma, in na ce kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai, na san amsar da zan samu: «Na gode wa kowa da kowa.»

Malam Mai Agaji ya amsa:

Tsoron naki a kan hanya yake, Malama, amma tsari ne maganinsa, ba hanawa ba. A share busasshen ganye da ciyawa mita uku a kewayen murhu, a duba sama kada a samu reshe. Bokitin ruwa da shebur su iso kafin a fito da ashana. Kada a yi murhu da duwatsun cikin rafi: ruwan da ke cikinsu yana zama tururi ya fasa su. Gashi da tufafi masu lilo a ɗaure, yadin roba kuma narkewa yake ya manne a fata, mai wuta ya sa na auduga. Mutum ɗaya ne ke sa itace, yana durƙushe a gwiwa ɗaya, sauran taku biyu baya.

A tara kashi huɗu kafin a kunna: busasshiyar ciyawa da ɓawon itace cikin tafi biyu, ƙirare masu kaurin fensir runguma guda, masu kaurin babban yatsa, sannan masu kaurin wuyan hannu. Itacen da ya karye da ƙara ya bushe, wanda ya lanƙwashe ɗanye ne. Ki ba kowane rukuni tsinken ashana uku kacal. Wutar yara takan mutu ne saboda ƙirare sun yi kaɗan, ko an danne ta da manyan itace iska ba ta shiga, ko an kunna daga sama. A kunna daga ƙasa, ta gefen da iska ke fitowa. Ashana uku tana tilasta musu duba iska da bushewar itace kafin su ƙyasta.

Kashewa: a zuba ruwa, a juya toka da shebur, a sake zubawa, sai an kai bayan hannu kusa ba a ji ɗumi ba. Ƙuna in ta faru, ruwa mai sanyi mai gudana minti 20, ba mai, ba ƙanƙara. Kowane yaro da usur a wuya: busa uku alamar neman taimako, wanda ya ɓace kuma ya tsaya inda yake. Tsawa: daƙiƙa uku tsakanin walƙiya da ƙara kusan kilomita ɗaya ne, amma da an ji ta a shiga gini ko mota, tanti ba kariya ba ne, a jira minti 30 bayan ta ƙarshe. Ruwan rafi ba a sha sai ya tafasa sosai minti ɗaya.

Uwar Sansani ta amsa:

Ƙanwata, amsar «kowa da kowa» laifin tambayar ce. Yaro ba ya gode wa abin da bai san wahalarsa ba, don haka wahalar za ki fara nuna masa. Ruwan wanke kwanuka na rana ɗaya su ɗebo shi da kansu. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, jarka mai lita 20 ta fi ƙarfinsu, lita biyar ga kowane yaro ta isa. Su rubuta lita nawa rukuninsu ya ƙarar. Washegari ki duba yadda za su riƙa zuba ruwa.

Sannan ki ba godiyar ƙa'ida mai gaɓa uku: sunan mutum, abin da ya yi, da abin da hakan ya amfana maka. «Na gode wa wance, ta riƙe igiya lokacin da nake ƙulli, da ba ta riƙe ba da rumfar ta faɗi.» Wanda ya ce «kamar yadda wane ya faɗa» a ba shi lokaci a dawo kansa. A yi shi a rukunin shida, minti goma, ba a taron 24 ba, inda na ƙarshe zai tarar an gaji.

Haɗarin da ya fi damuna shi ne yaro ɗaya ya kwana uku ba a ambaci sunansa ba, alhali farin jinin wasu yana ta tara musu yabo. Wannan ya fi ciwo a kan a ce ba a yi zaman godiyar ba sam. Don haka kowace safiya kowa ya zari sunan ɗan rukuninsa a takarda, ya riƙe a ransa, ya wuni yana lura da shi, da daddare ya faɗi alheri ɗaya da ya gan shi ya yi. Kowa zai samu, kuma dole a buɗe ido kafin a samu abin faɗa. Babba ya riga ya tanadi nasa abu ɗaya game da kowane yaro, saboda ranar da wani zai ce bai ga komai ba. Kada a ba da kyauta ga wanda ya fi iya godiya. Da an sa lada sai ta koma gasar daɗin baki. Yaba kyauta tukwici, ya wadatar.

Rana ta huɗu ki kai su wajen waɗanda ba a gani: masu dafa abinci, mai shara, mai gadin dare. Kowane rukuni ya yi minti 30 yana taya ɗaya daga cikinsu aiki, da izininsa, su yi masa tambaya uku: ƙarfe nawa kake tashi, wane ɓangare ne ya fi wuya, me za mu yi ya sauƙaƙa maka. Amsar ta uku ita ce aikin rukunin har a tashi. Godiyar da ta tsaya a baki alhali ana barin kwanuka a warwatse, ma'aikatan sun fi kowa sanin ba ta kai ko'ina ba.

Rubutu ma yana taimakawa. A binciken Robert Emmons da Michael McCullough na 2003, ɗaliban jami'a da suka riƙa rubuta abubuwa har biyar da suke godiya a kai kowane mako sun nuna jin daɗin rayuwa fiye da waɗanda aka sa su rubuta abubuwan da suka dame su. Manya ne aka gwada, kuma makonni aka yi, don haka kada ki sa ran kwana shida su yi abin al'ajabi, amma layi biyu a ƙarshen shafin zaman shiru ba zai ci minti uku ba.

Wurin da ya karɓe ku ma yana da haƙƙi. Itacen da ya faɗi kaɗai ake ɗauka, ba a karya na jikin bishiya. In an yi nisa da bayan gida, rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, aƙalla mita 60 daga rafi, a rufe. Wanke-wanke da sabulu ma a can nesa. Ranar tashi su jeru kafaɗa da kafaɗa, tazarar hannu, su ratsa filin suna tsince komai har guntun zare.

Abu ɗaya nake roƙon ki da manyan da ke tare da ke: kada a yi amfani da godiya a toshe bakin yaro. Wanda ya ce yana kewar gida, ko ana tsokanarsa, ko bai ƙoshi ba, ba «ka gode da abin da ka samu» yake bukata ba. A saurare shi, a gyara abin.

Malamar Taswira ta ƙara da cewa:

Masu shirya abin za su tambaye ki shaida, to ki tanada. Takardun wasan faranti na ranar farko ki adana, ki maimaita a rana ta shida da sababbin abubuwa masu yawa ɗaya, minti ɗaya, ki kwatanta na kowane yaro da nasa, ba da na wani ba. Kowane babba kuma ya riƙa jan layi a katinsa duk lokacin da ya sa baki a aikin jagora, a tara a ƙarshen kowace rana. Idan layukan rana ta biyar sun kai na rana ta biyu yawa, a zauna da babban a duba ko shi ne ke saurin magana, kafin a ce yaran ba su koya ba.